Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Da wuya a sami mai karanta wannan jarida da bai san BBC ba, gama tun shekarar 1957 sashen Hausa na wannan gida ya ke magana da mu daga London. Amma maganar da za mu yi yau ba ta sashen Hausa ba ce. Magana ce ta wata rigima da aka yi can Ingila a cikin shekarar 2007, tsakanin BBC da mutanen ƙasar, a kan wane ne zai iya kallon shirye-shiryen telebijin ta intanet, wane ne kuma ba zai iya ba. An daɗe da yin rigimar, har ma waɗansu sun manta da ita. Mu dai mun ga ya kamata a tono ta, domin abin da ya haddasa ta yana nan da ransa har yau, kuma ya shafi kowace hukuma da ke riƙe da kayan jama'a.

Da farko sai a san inda BBC ke samun kuɗinta. Ba ta sa tallar 'yan kasuwa a cikin shirye-shiryen da ta ke yi wa mutanen Ingila. Dokar ƙasar ce ta ce duk gidan da a ke kallon telebijin tilas su yanki lasin kowace shekara, wanda ya ƙi kuwa sai a kai shi gaban alƙali. A shekarar 2007 kuɗin lasin ɗin fam 135 da rabi ne. Ko an kira shi lasin, a gaskiya ɗan'uwan haraji ne, gama ba a tambayar mutum ko yana so. Ba a kuma tambayarsa wane irin akwati ya saya, na wane kamfani. Mai kuɗi da talaka, na birni da na ƙauye, duk abu ɗaya su ke biya. Wannan shi ne tushen maganar, a riƙe shi.

Abu na biyu da ya kamata a bayyana shi ne sha'anin ita kanta kwamfuta. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja a cikinta wadda ke tafiyar da ita, in babu ita, ƙarfe ne kawai da waya. Bari mu kira ta uwar manhaja, gama a kanta sauran ƙananan manhajoji su ke zama. Waɗanda aka fi sani iri uku ne. Akwai Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka, ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai wadda ke cikin kwamfutocin Mac na kamfanin Apple, shi ma na Amurka. Sa'an nan akwai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991, aka bar ta kyauta, kowa na iya ɗauka ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Manhajar da aka ƙera domin ɗaya ba ta aiki a kan ɗaya, sai fa in tun farko maƙerin ya yi nufin haka.

To, ran 27 ga Yuli 1907 ba kowa ya taɓa jin sunan waɗannan abubuwa, amma ran 27 ga Yuli 2007, shekara ɗari daidai bayan nan, su ne su ka raba mutanen Ingila kashi biyu. A ranar ne BBC ta buɗe gwajin wata sabuwar hanya mai suna iPlayer, wadda mutum zai saukar da shirin da ya wuce shi a cikin kwana 7 da su ka shige, ya kalla sa'ad da ya ga dama. Abu ne mai kyau ƙwarai, kowa ya yi murna. Sai dai da aka zo sauke shirin aka tarar da sharaɗi: sai mai Windows, Windows ɗin ma sai irin wadda a ke kira XP, tare da burauzar Internet Explorer da manhajar kallo ta Windows Media Player, duka na Microsoft. Mai Mac ba shi da rabo, mai Linux ba shi da rabo. Abin dariya ma, wanda ya sayi sabuwar kwamfuta mai Windows Vista, wadda Microsoft ɗin ta fitar a watan Janairu na shekarar, shi ma da farko ƙofa a rufe ya same ta.

A ce hukuma ta tara haraji daga gari duka, ta haƙa rijiya a tsakiyar kasuwa, sa'an nan ta kafa allo ta ce ba mai ɗiban ruwa sai da gugan da aka saya a kantin wane. Ko da mutum tara cikin goma da ma irin wannan guga gare su, na goman nan yana da hakkin ya tambaya: da kuɗin wa aka yi haƙar? Akawun da ya taɓa zama kan teburin karɓar haraji ya san irin kallon da talaka ke yi masa in ya biya, aka kuma hana shi abin da aka yi da kuɗin.

Adalci ne mu faɗi hujjar BBC, gama ba don mugunta ta yi haka ba. Yawancin abin da ta ke nunawa ba mallakarta ba ne ita kaɗai. Tun dokar watsa labarai ta 1990 aka wajabta mata ta sayi aƙalla kashi 25 cikin ɗari na shirye-shiryenta daga kamfanoni masu zaman kansu, bayan dokar 2003 kuma waɗannan kamfanoni su ke riƙe da hakkin abin da su ka shirya. Ban da su ga marubuta, ga mawaƙa, ga 'yan wasa, kowa yana da nasa kaso in an sayar da shirin a faifai ko a ƙasashen waje. Waɗannan su ka ce ba su yarda a saki kayansu a intanet ba sai an sa musu kwaɗo, watau wata dabara da ke hana a kwafi shirin, ta kuma kashe shi in wa'adinsa ya cika. Wa'adin kuwa shi ne kwana 30 bayan an sauke, in kuma an fara kallo, kwana 7. BBC ta ce ta duba, kwaɗon da zai iya wannan lissafin kwanaki, masu hakki kuma su amince da shi, na Microsoft ne, shi kuwa ba ya buɗuwa sai a kan Windows.

Mun ji wannan, kuma ba mu ce ƙarya ba ne. Marubuci ya ci guminsa, wannan ba abin gardama ba ne. Inda mu ka rabu da BBC shi ne wajen jerin abubuwan. Ta fara zaɓen kwaɗo, sa'an nan ta waiwayo ta ga wa ya rage a waje. Gidan da ke cin kuɗin kowa kamata ya yi ya fara da cewa kowa zai shiga, sa'an nan ya je wa masu hakki da masu ƙera kwaɗo da wannan sharaɗi, a yi ciniki a kansa. BBC ba ƙaramin mai saye ba ce da za a ce ba ta da bakin magana a kasuwa.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara wa mutane haushi. A daidai wannan lokaci Microsoft tana cikin shari'a da hukumar Tarayyar Turai, wadda a shekarar 2004 ta ci ta tarar Yuro miliyan 497, ɗaya daga cikin laifuffukan kuwa shi ne ɗaure Windows Media Player a jikin Windows don a danne sauran masu yin irin wannan manhaja. Kotun Turai ta tabbatar da hukuncin a watan Satumba na 2007. Watau hukuma ɗaya tana ƙoƙarin kwance ɗaurin, wata hukumar kuma, da kuɗin jama'a, tana gaya wa mutane cewa in su na son shirin da su ka biya, sai sun bi ta wannan ɗaurin. Yaron da ya ga gidan telebijin na ƙasarsa ba ya buɗuwa sai da Windows, me zai ce wa ubansa ya saya? Ashe BBC, wadda ba ta yi wa kowa talla, ta zama babbar mai talla ba ta sani ba.

Mutanen Ingila ba su yi shiru ba. Da ma a lokacin akwai wata majalisar amintattu da aka kafa a watan Janairu na 2007 domin ta sa wa BBC ido a madadin masu biyan lasin. Kafin ta ba da izini ta nemi ra'ayin jama'a, mutane fiye da 10,000 su ka amsa, mafi yawansu kuwa su ka ce lalle ne hanyar ta buɗu ga kowace irin kwamfuta. A watan Afrilu majalisar ta ba da izini, ta ce tilas BBC ta yi ƙoƙarin kai wa ga kowa, za ta kuma riƙa bincikar aikin kowane wata 6. Amma ba ta yanke rana ba, nan ne kuwa ta yi sake, gama alkawarin da ba shi da rana kowane ma'aikacin ofis ya san inda a ke ajiye shi. Wata ƙungiya ta kamfanonin da ke aiki da manhajojin kyauta, mai suna Open Source Consortium, ta kai ƙara. Mutane fiye da 16,000 su ka sa hannu a takardar koke zuwa ofishin Firayim Minista. A watan Agusta kuma waɗansu su ka taru a ƙofar gidan telebijin na BBC a London su na nuna rashin yardarsu.

Daga nan sai aka yi wani abu da ya kamata kowane akawu da kowane malamin lissafi ya ji. Shugaban sashen sababbin hanyoyin watsa labarai na BBC a lokacin, Ashley Highfield, ya yi hira da wata mujalla wajen ƙarshen shekarar, ya ce cikin mutum miliyan 17 da ɗoriya da ke shiga shafin BBC a Ingila, masu Linux ba su wuce 400 zuwa 600 ba. Manufar a fili ta ke: don 'yan tsirarun nan a ke ta wannan hayaniya? Mutane su ka ce wannan lissafi ba zai yiwu ba. Aka koma aka sake dubawa, sai ga shi da kansa ya fito ya gyara, ya ce adadin yana tsakanin 36,600 da 97,600. Ko an ɗauki ƙaramin, ya ninka na farko fiye da sau 60. Mun yaba masa da ya gyara a bainar jama'a, ba kowane babba ke yin haka ba. Amma a lura, da wannan ƙidaya ta farko a ke auna wa ya isa a kula da shi.

Ko da ma ƙidayar ta yi daidai, hujjar ba ta da ƙarfi, sabo da dalili biyu. Ɗaya, in ka rufe ƙofa ka tsaya ciki kana ƙirga waɗanda su ka shigo, ba za ka taɓa ganin na waje da yawa ba. Wanda ya san shafi ba ya yi masa aiki ya daina zuwa, ko ya ari kwamfutar wani, sai littafin ya nuna babu shi. Na biyu, kuma shi ne babba, hakki ba ya bin yawa. Da su 400 ɗin ne kurum, ai kowannensu fam 135 da rabi ya biya, ba a rage masa ko kwabo ba don kwamfutarsa dabam ce.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne BBC ta san wannan tun kafin a haifi masu iPlayer. Sa'ad da ta fara telebijin a Alexandra Palace a watan Nuwamba na 1936, tsari biyu ta riƙa gwadawa bi da bi, na Baird mai layi 240 da na Marconi-EMI mai layi 405, har aka tsai da na biyun a farkon 1937. Da aka tsai da shi, ya zama ma'auni na kowa, kowane kamfani na iya ƙera akwatin da zai kama shi. A shekarar 1964 aka kawo sabon tsari mai layi 625, wanda ya fi kyau. Amma ba a kashe tsohon ba sai a watan Janairu na 1985. Shekara 20 da 'yan kai ana kashe kuɗi a kan tsofaffin tashoshi, don kada tsohuwar da ba ta da halin sayen sabon akwati ta wayi gari ta ga allo ya yi duhu. Mutanen da su ka yi wannan ba su tambayi ko tsofaffin nan su nawa ne kafin su ga suna da hakki ba.

To, yaya aka ƙare? A watan Disamba na 2007, kafin babbar buɗewa ta ranar Kirsimati, BBC ta ƙara wata hanya: maimakon a sauke shirin a ajiye, sai a kalle shi kai tsaye a cikin burauza, ta wata manhaja mai suna Flash ta kamfanin Adobe, wadda ke aiki a kan Windows da Mac da Linux duka. Nan da nan abin ya karɓu. A cikin mako biyu na farko bayan Kirsimati an kalli shirye-shirye fiye da miliyan 3 da rabi, kuma masu kallo kai tsaye su ka ninka masu saukewa wajen sau 8. Watau hanyar da aka buɗe don a rufe bakin 'yan tsiraru masu ƙorafi, ita ce ta zama babbar hanya, har masu Windows ɗin ma ita su ka fi so, gama ba ta da wahala. Wancan gini kuwa da aka ɓata shekaru da kuɗi a kansa ya koma gefe. A watan Disamba na 2008 aka ba masu Mac da Linux damar saukewa su ma.

Akwai wani ɗan labari a tsakani da ya tona asirin maganar kwaɗo. A watan Maris na 2008 BBC ta buɗe iPlayer ga wayar iPhone ta Apple. Wannan waya ba ta karɓar Flash, ba ta kuma karɓar kwaɗon Microsoft, sai aka aika mata da shirye-shiryen haka nan ba kwaɗo. Cikin 'yan kwanaki masu wayo su ka gane cewa in kwamfutarsu ta yi ƙarya ta ce ita iPhone ce, sai a miƙo mata shirin a buɗe. BBC ta yi ta toshewa, su na ta ɓullowa ta wani wuri. Ba mu goyi bayan masu wannan dabara ba. Tambayarmu dai ita ce, ina aka kai sharaɗin nan da aka ce ba ya taɓuwa? Da abin ya zo kan waya mai tsada wadda manya ke riƙewa, sai aka sami hanya. Bugu da ƙari, shirin nan da a ke ta kullewa a intanet, a daren jiya an watsa shi ta iska a buɗe, duk mai na'urar ɗauka ya ɗauka. Kwaɗon bai hana ɓarawo komi ba, mai gaskiya ya wahalar.

Kada kuma a ɗauka Flash ta kawo ƙarshen magana. Ita ma guga ce ta kamfani ɗaya, sai dai bakinta ya fi faɗi. A watan Afrilu na 2010 shugaban Apple, Steve Jobs, ya rubuta takarda a fili ya ce ba zai bar Flash ta shiga iPhone da iPad ba. A 2011 Adobe ta daina yi wa Linux manhajar da a ke sauke shirye-shiryen iPlayer da ita, sai masu Linux su ka sake rasa abin da aka ba su shekara 3 da su ka wuce, ba tare da BBC ko majalisarta sun yanke haka ba. Wani kamfani ne a Amurka ya duba littafin cinikinsa. A ƙarshe Adobe ta kashe Flash ɗin baki ɗaya ran 31 ga Disamba 2020. Haka kamfanin Netflix ya yi shekaru yana dogara da Silverlight ta Microsoft, masu Linux ba su sami shiga ta hanyar da kamfanin ya yarda da ita ba sai a 2014, ita ma Silverlight ɗin an binne ta a 2021. Duk wanda ya yi gini a filin aro ya ga irin wannan.

Abin da ya kawo sauƙi na gaskiya shi ne ma'auni na kowa da kowa, irin na layi 405 ɗin nan. Ita kanta hanyar shafuffukan intanet haka aka yi ta: Tim Berners-Lee, Baturen Ingila, ya ƙago ta a cibiyar bincike ta CERN, a 1993 kuma cibiyar ta sake ta kyauta ga duniya. Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idodinta, W3C, ta tabbatar da ƙa'idar HTML5 a watan Oktoba na 2014, wadda ta sa kowace burauza za ta iya nuna hoto mai motsi da kanta, ba sai an ɗora mata kayan wani kamfani ba. BBC ta fara komawa kanta a 2015. Yau mutumin da ke Ingila yana buɗe iPlayer a burauza ko wace irin uwar manhaja gare shi. Abin da aka ce ba shi yiwuwa a 2007 ya zama abin da ba wanda ke ko lura da shi.

Amma mun ce abin yana nan da ransa, ga dalili. Kamfanonin fina-finai ba su bar maganar kwaɗo ba, sai aka yi masa gurbi a cikin sabuwar ƙa'idar. A watan Satumba na 2017 W3C ta amince da wannan gurbi bayan gardama mai zafi, har wata ƙungiyar kare hakkin masu amfani da intanet ta Amurka, EFF, ta fice daga cikinta don fushi. Gurbin na kowa ne, amma kwaɗon da a ke sawa a ciki, manyansa uku ne: Widevine na Google, PlayReady na Microsoft, FairPlay na Apple. Duk wanda ya ƙera sabuwar burauza, in yana so ta nuna fina-finan manyan kamfanoni, sai ya je ya nemi izini wajen waɗanda ya ke gasa da su. Sa'ad da Disney ta buɗe tata hanyar a 2019, masu Linux sun tarar da ƙofa a rufe, sai daga baya aka sassauta. Waɗansu kamfanonin kuma su kan bar mai Linux ya shiga, amma su rage masa kyawun hoto, alhali kuɗin wata ɗaya ya ke biya da kowa. Dā a kan hana shi ruwan ne, yanzu a kan ba shi rabin guga.

Game da kamfanin ɗan kasuwa, mutum na iya cewa in ba ka so ka bar musu kayansu, ko da ya ke mu a ganinmu ko shi ya kamata doka ta tilasta masa ya faɗa wa mai saye gaskiya kafin ya karɓi kuɗinsa. Gidan hukuma kuwa ba shi da wannan mafita. Ita BBC ɗin ma ba ta gama wanke kanta ba. Tun watan Satumba na 2016 doka ta ce ko iPlayer kaɗai mutum ke kallo sai ya yanki lasin. A 2017 aka rushe majalisar amintattun nan, aka miƙa sa ido ga hukumar Ofcom. A 2024 kuma BBC ta rufe manhajar saukewa ta kwamfuta gaba ɗaya, ta bar ta wayoyi da alluna kurum, watau na Apple da masu Android da danginsu. An daidaita masu Windows da Mac da Linux, amma ta hanyar hana su duka. Wanda ke zaune inda intanet ba ta da ƙarfi, wanda dā ya kan sauke shiri da dare ya kalla da rana a kwamfutarsa, shi aka bari da asara.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, tun da iPlayer ba ta ma buɗuwa a wajen Ingila? Ruwanmu shi ne mu ma muna da gidajen telebijin da a ke ciyarwa daga baitulmali, tun daga na Ibadan da aka buɗe a 1959 da na Kaduna a 1962, har zuwa NTA da na jihohi, kuma su ma sun shiga sa shirye-shiryensu a intanet. Ranar da ɗan kwangila zai zo wa shugaban irin wannan gida da manhaja mai sheƙi, ya ce ai tana aiki a kan wayoyin da kowa ke riƙewa, muna roƙon akawun da zai rubuta takardar yarjejeniyar ya sa layi ɗaya a ciki: cewa kowane shiri zai buɗu a cikin kowace burauza mai bin ƙa'idar kowa da kowa, ba tare da an tilasta wa mutum ya sauke kayan wani kamfani ba, kuma a gwada a gaban shaidu a kan tsohuwar kwamfuta kafin a biya kuɗi. A kuma sa rana. Zuba shirye-shirye a YouTube ko Facebook ba laifi ba ne, gama nan jama'a su ke, amma gidan ya riƙe asalin kayansa a nasa rumbun, ya kuma buɗe tasa ƙofar, don abin da ya sami masu dogara da Flash.

Malaman makaranta su ne za su fara jin wannan a jikinsu. Kwamfutocin da ke yawancin makarantunmu ba sababbi ba ne, na hannu ne ko na kyauta. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, ta kuma daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, ban da waɗanda su ka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, kwamfutoci masu yawa kuwa ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Hanyar da ta rage wa mai irin wannan kwamfuta, in ba zai jefar da ita ba, ita ce ya sa mata Linux, wadda ba a biyan ko kwabo. Ƙaramar kwamfutar nan mai araha, Raspberry Pi, da aka fitar a Ingila a 2012 musamman domin koya wa yara, ita ma da Linux ta ke aiki. Malamin da ya tara yara 60 a gaban irin wannan na'ura don su kalli shirin kimiyya ko na tarihi da gidan telebijin na gwamnati ya shirya, shi ne mutum na goman nan da mu ka ambata a bakin rijiya, kuma a nan ƙasar ba a san ko shi ne tara ɗin ba.